Akwatin wifi kusa da gadon yara: wa ya taɓa shiga wannan damuwa?

Uwargida, Birni:
Salamu alaikum ƴan uwa. Maigida ya ɗora akwatin wifi a kan kanta, dab da gadon yara. Inna, surukata, ta zo daga Mirriya ta ga fitilarsa na ƙiftawa cikin dare, ta ce a fitar da shi, wai an gaya mata jinsinsa ɗaya da na'urar ɗumama abinci (microwave), zai dafa ƙwaƙwalwar jikokinta. Tun ranar hankalina bai kwanta ba.

Mai gyaran rediyo, kasuwar Dole:
Hajiya, zancen Inna yana da tushe, domin dukansu biyu suna aiki da igiyoyin rediyo na wajen gigahaz 2.4 (ma'aunin saurin kaɗawar igiyar). Amma ƙarfin ba ɗaya ba. Na'urar abinci tana zuba wat 700 zuwa 1000 cikin rufaffen akwatin ƙarfe, shi kuwa na wifi kusan kashi ɗaya cikin goma na wat guda yake fitarwa, kuma ya watsu ko'ina. Ragar nan mai ƙananan huji da ke jikin gilashin ƙofar na'urar abincin ita ke tsare igiyoyin. Bara wani ya kawo mini tasa, ƙofar ta lanƙwashe ya ɗaure ta da waya, yana so in toshe makunnin da ke kashe ta in an buɗe. Na rantse masa ba zan yi ba. Wannan kam tana iya ƙona mutum.

Malamin kimiyya, Sabon Gari:
Ni a gidana duk lokacin da ake ɗumama miya a na'urar sai intanet ya riƙa tsinkewa. Na fara zargin yoyon igiyoyi mai haɗari, ashe ɗan abin da ke fita ya isa ya danne siginar wifi, saboda raunin siginar. Dokar Amurka ta ƙayyade yoyon a miliwat 5 kan kowace santimita murabba'i, a tazarar santimita 5. In ka ninka nisa, ƙarfin ya koma rubu'i. Igiyoyin nan ba irin na hoton ƙashi na asibiti ba ne, zafi kawai suke sawa. Rukunin 2B (na abubuwan da mai yiwuwa su iya jawo cutar kansa) da hukumar binciken cutar kansa ta duniya, IARC, ta saka su a 2011, galibi a kan wayar da ke manne da kunne aka dogara.

Maman tagwaye, Garin Malam:
Yaya, ni abin da ya taɓa cutar mini da yaro madara ce. Na ɗumama a na'urar, kwalbar a hannu ɗumi-ɗumi, ashe tsakiya ta tafasa. Kwana uku bai iya tsotso ba, har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. A girgiza, a ɗiga a bayan hannu tukuna.

Uwargida, Birni:
Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa yaro lafiya. Mun mai da akwatin falo, Inna ta ce yanzu za ta iya barci. Gobe zan kawo na'urar abincinmu kasuwar Dole a duba mini ƙofar, tun watan jiya take ɗan sassautawa.