Tashar nukiliya ba ta hutu, zango take yi

1/
Salamu alaikum 'yan uwa masu fassara da ma'aikatan jarida. Akwai wata kalma da ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya, yau na ce bari in baje ta a faifai mu duba tare. Kalmar ita ce *outage*, a yadda ma'aikatan tashoshin lantarki na nukiliya suke nufi da ita. A 2023 na ji labarin tashar Koeberg ta Afirka ta Kudu a wani gidan rediyo, aka ce wai an yi watanni ana fama da ɗaukewar wuta a tashar. Duk Bahaushen da ya ji haka zai ɗauka tashar ce ta zauna cikin duhu, ma'aikata na laluben tocila.

2/
Abin da ya faru daban ne. Kamfanin Eskom mai tashar ne ya kashe tukunya ta ɗaya (tukunya ita ce inda makamashin nukiliya ke samar da zafi) da hannunsa a Disamban 2022, domin a cire manyan na'urorin haɗa tururi guda uku a sa sababbi. Aikin ya ja fiye da yadda aka tsara, sai Nuwamban 2023 tukunyar ta koma aiki. Kuma ba don ra'ayi aka yi ba. Lasisin tukunyar zai ƙare a Yulin 2024, sauya na'urorin nan na cikin shirin neman ƙarin wa'adi, kuma hukumar sa ido ta ƙasar ta ƙara mata shekara 20 a wannan watan.

3/
Kafin mu raɗa wa yaro suna, mu ga fuskarsa. Tukunyar nukiliya irin ta Amurka ko Faransa ba a ƙara mata makamashi tana aiki. A Amurka akan kunna ta ta yi wata 18 ko 24 ba tsayawa, sannan a kashe, a bar ta ta huce, a buɗe murfinta, a cire kusan kashi ɗaya cikin uku na sandunan yuraniyom a sa sababbi. Tunda an buɗe, duk aikin da ba ya yiwuwa tana da zafi sai a cusa shi cikin kwanakin nan: duba bututu, gwada bawul, gyaran injin juyi, sauya kayan da suka tsufa, da duk abin da hukuma ta ce sai an yi. Ayyuka dubbai ne, ana ɗebo ƙarin ma'aikata ɗaruruwa, wani lokacin fiye da dubu, ana yi dare da rana. Akan zaɓi Maris zuwa Mayu ko Satumba zuwa Nuwamba, lokacin da ba sanyi ba zafi kuma buƙatar lantarki ta ragu. A farkon shekarun 1990 aikin yakan ci fiye da wata uku a Amurka, yanzu kusan wata ɗaya ne.

Wannan ne yaron da muke nema wa suna.

4/
Ga labarin da ya sa na ce «ɗaukewar wuta» ba za ta taɓa yiwuwa ba. Ranar 20 ga Maris 1990, tukunya ta ɗaya a tashar Vogtle da ke jihar Jojiya ta Amurka tana kashe ana sauya mata makamashi. Wata motar mai ta yi baya a harabar taransifoma, ta daki turken da ke riƙe da layin da ke shigo wa tukunyar da wuta. Ɗaya taransifomar tana hannun masu gyara. Janareton gaggawa guda ɗaya shi ma an kwance shi ana gyara. Ɗayan ya tashi, ya mutu. Minti 36 aka yi babu wutar da za ta juya famfunan sanyaya, ruwan tukunyar ya tashi daga maki 32 zuwa kusan 58 a ma'aunin Selsiyos kafin a samu janareton ya tsaya da ƙafarsa.

To a fassara min wannan labari da waccan kalma. Za mu ce an ɗauke wuta ana cikin ɗaukewar wuta? Abu biyu ne mabambanta, kuma a ranar nan sun haɗu a wuri ɗaya. Ku lura kuma da asalin matsalar: jadawali ne ya bari aka kwance taransifoma da janareto a lokaci guda. Tukunyar da aka kashe tana ci gaba da fitar da zafi, dole a yi ta sanyaya ta. Shi ya sa masu tsara ayyukan nan suke tambayar wane ne za a iya kwancewa tare da wane, kafin ma su tambayi kwana nawa zai ci.

5/
Ƙanwata da ta kawo shawarar a fassara ta da «hutu», na gode, kuma na ga inda kika dosa. Sai dai kwanakin nan su ne mafi cunkoso da gumi a rayuwar tasha. In muka ce tasha ta tafi hutu, mai sauraro zai hango ƙofa a kulle da maigadi a kan benci.

6/
«Rufewa» ma ba ta yi ba. Muna buƙatarta ga tashar da aka rufe ba za ta dawo ba, kamar yadda Jamus ta rufe tukwanenta uku na ƙarshe a Afrilun 2023.

7/
Baba injiniya, Allah ya ƙara girma, ka ce a ce «sabis» kawai, tunda kowa ya san kai mota sabis kuma haka leburori za su faɗa ko mun so ko mun ƙi. Wallahi maganarka na da nauyi, domin kalmar ta riga ta zama tamu, kuma tana ɗauke da ma'anar gyaran da ake yi kafin abu ya lalace. Inda ta gaza a wurina guda ɗaya ne: mai mota shi ke da ikon ranar sabis. In aljihu ya yi sanyi sai ya ce bari wata ya ƙare, babu wanda zai tare shi. A tashar nukiliya ranar nan ba ta mai tasha ba ce shi kaɗai, kuma akwai labarin da ke nuna abin da ɗage ta kan haifar.

8/
A 2001 hukumar sa ido kan nukiliya ta Amurka, NRC, ta damu da tsagewar da aka fara gani a bututun da ke ratsa murfin wasu tukwane. Ta so tashar Davis-Besse da ke jihar Ohayo ta tsaya a duba ta kafin ƙarshen Disamba. Kamfanin FirstEnergy mai tashar ya nemi a bar shi ya kai lokacin da ya riga ya tsara, aka yi ciniki, aka tsaya a kan 16 ga Fabrairun 2002. Da aka buɗe, a watan Maris, sai aka tarar ruwa mai sinadarin boron ya daɗe yana yoyo, ya cinye ƙarfen murfin mai kaurin inci 6 ya yi rami. Abin da ya rage tsakanin ruwan tukunya mai tsananin matsi da waje shi ne wata 'yar shimfiɗar ƙarfe da ba ta kai rabin inci ba. Tashar ba ta sake tashi ba sai Maris 2004. NRC ta ci tarar dala miliyan 5.45, daga baya kamfanin ya biya dala miliyan 28 a sasantawa da ma'aikatar shari'a.

Duk lokacin da na karanta labarin nan sai tsigar jikina ta tashi. Kuma ku duba, hukumar ma ba ta fita ba, domin ita ta yarda da ɗagewar. Kalmar da za mu zaɓa ya kamata ta sa mai ji ya san cewa tsayawar nan tana da wuri da lokaci, kuma tsallake ta ganganci ne.

9/
Shawarata ita ce zango.

Ku tuna fataken da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja ɗauko goro. Tun kafin ayari ya bar gida madugu ya san zangunansa ɗaya bayan ɗaya. Ba gajiya ce ke sa a tsaya ba, kuma ba a tsayawa inda aka ga dama. A zango ake sauke kaya, a shayar da dabbobi, a duba bayan jaki ko ya yi miki, a gyara akumari, a ɗinke mangalar da ta ɓarke, a yi guzurin gaba. Aiki ne tuƙuru, kuma kowa ya san gobe za a tashi. Madugun da ya ce a wuce zango don a riga wasu isa kasuwa, in dare ya riske su inda ba ruwa, kowa ya san laifin wane ne. Duk abin da nake nema yana cikin kalmar: an tsara tun farko, ana aiki a ciki, ana ƙara guzuri, za a ci gaba da tafiya.

10/
Allah gafarta malam, ƙorafinka na gaskiya ne. Ka ce a makaranta zangon karatu lokacin aiki ne, ba na tsayawa ba, don haka yara za su juya ma'anar. Haka ne, zango na nufin masauki, yana kuma nufin tafiyar da ke tsakanin masauki biyu. Amma Hausa ta riga ta raba gardamar da kanta. In aka ce «ya da zango» babu mai shakkar cewa tsayawa aka yi. Don haka a aikatau mu ce tasha ta ya da zango, a suna kuma kada mu bar shi tsirara, mu ce zangon gyara, ko zangon sauya makamashi in shi ne babban dalili. 'Yan uwanmu na Kumasi da Accra da zango ya zama musu sunan unguwa, su ma ƙarin kalmar za ta fitar da su.

11/
Saura tsayawar da ba a shirya ba, wadda famfo ya lalace ko na'urar kariya ta kashe tukunya da kanta. Wannan ba zango ba ce. 'Yan jarida sun saba da tsaiko, a bar mata shi.

Faransa a 2022 ta nuna amfanin raba su. Annobar korona ta riga ta tura zangunan gyara da yawa gaba sun taru. Sai kuma a ƙarshen 2021 aka gano tsagewa a bututun tsarin gaggawa na tashar Civaux, abin da ya sa kamfanin EDF ya tsayar da wasu tukwanen don dubawa. Zango ya haɗu da tsaiko, har aka kai lokacin da fiye da rabin tukwane 56 na ƙasar ba sa aiki, kuma a shekarar Faransa ta sayo lantarki daga waje fiye da wanda ta sayar, karo na farko cikin fiye da shekara 40. Da kalma ɗaya ba za ka iya ba da labarin nan daidai ba.

12/
'Yan uwa na Yamai da Maraɗi da Damagaram masu fassara daga Faransanci, ku gwada mana: *arrêt de tranche* ya zama zangon gyara, *visite décennale* kuma, binciken da ake yi wa kowace tukunya duk shekara goma wanda sai hukuma ta gamsu da shi kafin a ci gaba, ya zama babban zango.

13/
Wani abin da ya ƙara min ƙarfin gwiwa shi ne yadda hukumomi ke ƙirga wa'adi da shi. Bayan bala'in tashar nukiliya ta Fukushima a Japan na 11 ga Maris 2011, NRC ta raba gyare-gyaren da aka ba da shawara gida uku bisa fifiko, ta kuma fitar da umarni a Maris 2012 cewa tashoshi su tanadi kayan gaggawa na ɗauka, famfuna da janaretoci. Wa'adin shi ne zagaye biyu na sauya makamashi bayan miƙa tsari, ko 31 ga Disamban 2016, duk wanda ya riga zuwa. Dalili a fili yake: wasu ayyukan ba sa yiwuwa sai tukunya na kashe, kuma kwanakin kaɗan ne, ga aikin da hukuma ta ɗora ga wanda tasha ta ga ya dace da kanta, kowanne na neman gurbi. A Hausa sai mu ce hukuma ta ba su zango biyu. Ya zauna a baki kamar dama can namu ne.

14/
Wanda ya tambaya ko muna da buƙatar kalmar alhali ba mu da tashar: muna da ƙaramar tukunyar bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tun 2004, da hukumar NNRA mai sa mata ido. Masar na gina tukwane huɗu a El Dabaa, yuraniyom ɗin Arlit ta Nijar kuma ya yi shekaru da yawa yana tafiya irin waɗannan tashoshi. Labaransu za su ci gaba da zuwa teburinmu, kuma mu ne za mu karanta wa mutane.

15/
Ga yadda zan rubuta daga yau, wanda ya ga gyara ya gyara min:

Tukunya ta ɗaya a Koeberg ta ya da zango a Disamban 2022 domin sauya na'urorin haɗa tururi.
Wuta ta ɗauke a Vogtle ana tsakiyar zangon sauya makamashi.
Hukuma ta ƙi yarda a ɗage zangon gyara.
An samu tsaiko a tashar bayan famfo ya lalace.

Baba injiniya, in ka yarda, «sabis» ta zauna a bakin ma'aikata, zango ya shiga takarda da rediyo. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan kawo *critical path*, wato jerin ayyukan da in ɗaya ya makara da yini guda, zangon gaba ɗaya ya makara da yini guda. Ni dai «doguwar sarƙa» nake riƙe da ita, ku zo da naku.