Wai babu Bahaushe a zamanin Sarauniya Elizabet ta Farko?

Abban Sadiq: Assalamu alaikum jama'a. Wallahi raina a ɓace yake tun jiya. Waɗanda ke nan Amurka kun san bikin Renesans da ake yi a bayan gari Asabar da Lahadi, kusan wata biyu a jere. Ga mutanenmu na gida, fili ne ake kewayewa a gina ƙauyen katako irin na Ingila ta shekara ɗari huɗu da wani abu baya, da sarauniya da fadawanta, da maƙera, da mahaya masu sukar juna da mashi. Ana ɗaukar 'yan wasa su cika titunan ƙauyen, kowa da mutumin da ya ƙirƙira, kuma daga buɗe ƙofa har rufewa ba ka fita daga rigar mutumin nan. Bana na nemi shiga. Wata uku ina gina nawa. Sunansa Tanko, Bahaushe, ɗan majema daga Kano. Ya bi ayari da jar fatar da aka jeme, ya ratsa Agadas har Maroko, ya zama tafintan wani mai fataucin sukari, jirgin 'yan kasuwar Ingila ya kawo shi Landan. Abin da ya kawo shi ƙauyen, yana bin wani mai ɗinka safar hannu bashi. Tsoronsa biyu, sanyi da kogi. Ƙanwata ta aiko min da babbar riga da rawanin ɗan Kura da zabira da wuri cikin tafi. Na je gwaji, shugabar 'yan wasan ta saurare ni minti biyu ta ce labarin ya yi nisa, baƙi ba za su gane ba, in zama ɗan fashin teku ko boka mai duba. A wurin da mutane ke yawo da fukafukan aljanu! Ta ce in dawo ran Asabar. Don Allah ku taya ni, yaya zan gajarta labarin Tanko ya shiga kunne?

Maman Hanifa: Wa alaikumus salam. Sannu Yaya, abin da ciwo. Ina zuwa, bari in sauke tukunya.

Dakta: Abban Sadiq, kafin a je ga matar, gyara ɗaya. Ka ce Tanko Bahaushe ne. Mutumin wancan zamani ba zai kira kansa haka ba. Bakano zai ce, ko ya ambaci unguwarsu da sana'ar gidansu.

Abban Sadiq: Dakta, to da wane yare yake magana in ba Hausa ba?

Dakta: Harshen yana nan, sunan nake magana a kai. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya gama littafinsa a 1526, aka buga shi a Benis a 1550, aka juya shi Turanci a 1600. Ya ambaci Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir ɗaya bayan ɗaya, bai haɗa su ƙarƙashin kalmar Hausa ba. Da ya zo kan harshen da suke yi, harshen Gobir ya kira shi. A bakin Sanwai kuwa, hausa ɓangaren hagu na kogin Kwara ne, kishiyar gurma.

Bagobirin Tibiri: Allahu akbar! Dakta maimaita don Allah. Harshen wa? Mun daɗe muna faɗa ana cewa son kai ne. Ga shi tun shekara ɗari biyar an rubuta.

Kawu Admin: Dakta, da girmanka. Kana nufin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya kafa kasuwar Kurmi, ya sauki Shehu Magili, ba Bahaushe ba ne? To mene ne shi?

Dakta: Kawu, ban ce haka ba. Na ce kalmar.

Kawu Admin: Kalmar ita ce mutum. In ka cire wa mutum suna me ya rage?

Na-Gobarau: Ni abin da ya dame ni daban ne. Me ya sa kullum in za a nuna Bahaushe ga duniya sai a ce daga Kano? Ƙofar ayarin arewa Katsina ce. Malamai a Katsina suke. Hasumiyar Gobarau tana nan tsaye, kowa ya je ya gani. Da Tanko Bakatsine ne da matar nan ba ta kore shi ba.

Abban Sadiq: Malam, matar ba ta san Kano ba balle Katsina. Ba wannan ne matsalar ba.

Na-Gobarau: Shi ne matsalar. Ku kuka cika duniya da sunanku har aka manta da masu asali.

Dakta: Tunda ka taɓo, shi al-Wazzan ɗin ya yaba wa Kano da ganuwa da attajirai da masu sana'a, Katsina kuma ya ce ƙananan ƙauyuka ne na bukkoki. Amma masana na jayayya ko ya taka ƙasashen da ƙafarsa ko ji ya yi a bakin fatake.

Na-Gobarau: Ai ka gama magana. Mutumin da 'yan fashin teku suka kama, aka kai wa Fafaroma, aka canja masa suna, shi ne shaidarka a kan Katsina? Bai je ba. Wani Bakano ya ba shi labari a zango.

Bagobirin Tibiri: A'a Malam, kada ka zubar mana da shaida. Inda ya ce harshen Gobir ya yi daidai. Har takalman Gobir ya ambata, ya ce ana kai su Tumbutu da Gawo.

Na-Gobarau: Wato inda ya yabe ku gaskiya ne, inda ya rage mu ma gaskiya ne?

Bagobirin Tibiri: Ni kan Gobir kawai na tsaya.

Maman Hanifa: Na dawo. Yaya, ka bar su ka saurare ni. Shekara huɗu ina da rumfar lalle a irin wannan biki, daga zaune nake kallon 'yan wasan titi. Baƙon da ke wucewa da cinyar talotalo a hannu ɗaya, yaro a ɗaya hannun, ba zai tsaya jin Agadas ba. Numfashi biyu gare ka. Akwai wata da ke wasan mai wanki, tarihinta kaf ban taɓa ji ba, amma tana tare mutum ta kama gefen rigarsa ta ce wa ya wanke maka wannan, ai an cuce ka. Shi ke nan an taru. Naka ma yana hannunka, bashin nan. Ka tare mutum ka ce ka ga mai safar hannun da ya ci kuɗina? Ka ba shi fatar ya shafa, ka ce ya taya. Duk abin da ya faɗa ka girgiza kai ka ce albarka. Kafin la'asar za ka ji yara suna bin ka suna albarka, albarka. Sahara da Maroko ka ajiye su a ciki, sai wanda ya tambaya. Ba su hana ka sanin tarihin mutuminka ba, ai tambayoyin da suke yi a horo ke nan, sunanka, sana'arka, matsayinka, me kake nema yau, wa kake rusuna wa. Amma abin da ake gani a titi shi ne me kake nema yau. Sannan rawanin ɗan Kura, ka sa hula a ƙarƙashi. Da zafin rana shunin zai sauko maka har gira.

Abban Sadiq: Allah ya saka da alheri Maman Hanifa. Ya riga ya sauko jiya, da na duba madubin mota goshina shuɗi ne. Wannan maganar ta albarka ta shige ni.

Ustaz: Assalamu alaikum. Na ga an ce "wa kake rusuna wa". Abban Sadiq, ina tambaya don Allah, rusuna wa macen da ta yi shigar sarauniya za ka yi? A wurin da ake sayar da giya? Kuma ka yini kana ce wa mutane sunanka Tanko alhali ba sunanka ba ne?

Abban Sadiq: Ustaz, kowa a wurin ya san wasa ne. Wanda ya sayi tikiti don haka ya zo. Ba wanda na yaudara.

Maman Hanifa: Ustaz, mu da muka tashi muna tashe da azumi, yaro ya sa gemun auduga ya zama tsoho, wa ya taɓa cewa ƙarya yake?

Ustaz: Hajiya, tashe na yara ne. Wannan magidanci ne mai 'ya'ya.

Ɗan Zazzau: To fadawan da ke zubewa gaban sarki a gida fa, Ustaz? Can ba ka yi magana ba sai nan.

Ustaz: Na yi, kuma ina yi. Kada ka sa min abin da ban faɗa ba. Kai da ko sallar Idi ba ka zo ba bara.

Ɗan Zazzau: Ina aikin dare a asibiti, kuma ka sani. Wannan cin fuska ne, Kawu ka gani.

Kawu Admin: A bar maganar Idi. A koma kan Bahaushe.

Ɗan Zazzau: To in an koma, ni ina da hujjar da ta kashe maganar Dakta. Akwai baƙar fata mai busa a fadar Sarki Henri na takwas, John Blanke. An zana shi a kan doki da rawani a takardar bikin 1511. Rawani da kakaki. Ku gaya min wane ne wannan in ba namu ba.

Dakta: Mutumin gaskiya ne, zanen ma gaskiya ne. Har takardar da ya rubuta wa sarki yana neman ƙarin albashi tana nan, aka ninka masa daga peni 8 a rana zuwa 16. Amma babu takardar da ta faɗi garinsu. Rawani ba na Hausawa kaɗai ba ne, abin busarsa kuma ƙahon fadar Turawa ne.

Ɗan Zazzau: Tunda ba a faɗi garinsu ba, ba ka isa ka ce ba Zariya ba ce.

Dakta: Haka ne, kai ma ba ka isa ka ce ita ce ba. Abban Sadiq, in hujja kake so ga matar, ga wadda ba ta da gardama. A 1585 Sarauniya Elizabet ta ba 'yan kasuwarta izinin kafa kamfanin ciniki da Maroko, sukari na cikin manyan abin da suke saye. A 1600 Sarki Ahmad al-Mansur ya aika jakada Landan, Abdulwahid bin Mas'ud, ya zauna kimanin wata shida da tawagarsa, hotonsa da rawani da takobi yana nan har yau. Hanyar da ka bi da Tanko buɗaɗɗiya ce. Amma wurin nan ka cire shi daga zabira. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Sharefa wuri ya shigo ƙasar Hausa, bayan 1700 ke nan. Goro ka sa a madadinsa, shi ya riga ya iso tun kafin Rumfa.

Kawu Admin: Ka ji ko! "Ƙasar Hausa." Da bakinka ka faɗa. Ashe akwai ta.

Dakta: Kawu, yau nake magana da harshen yau. Ba a bakin Tanko na sa ta ba.

Na-Gobarau: Kuma "Tarihin Kano". Kullum shaidarku daga gidanku take fitowa. Littafin da Kanawa suka rubuta, me zai ce game da yaƙoƙin da suka yi da Katsina in ba abin da ya yi musu daɗi ba?

Bagobirin Tibiri: Ni dai shawarata Tanko ya ce shi Bagobiri ne, ya sayar da takalma. A rubuce yake.

Abban Sadiq: Jama'a, ni fa ba zan canja masa gari ba. Kakana majemi ne, warin jima na tashi ina ji a zaurenmu. Don shi na zaɓi wannan sana'a. Abin da ya ƙona min rai shi ne a dubi mutum irina a ce abin da ya dace da shi boka ne. Wanda ya fara wannan biki ma malamar makaranta ce a Los Anjalas a 1963, Phyllis Patterson, don mutane su taɓa tarihi da hannunsu. To ni ma nawa na kawo.

Ustaz: Ba a amsa min maganar rusunawa ba.

Maman Hanifa: Ya ɗora hannu a ƙirji ya sunkuyar da kai kaɗan, Ustaz. Baƙo ne daga wata ƙasa, gaisuwar garinsu zai yi. Hakan ma ya fi jan ido.

Kawu Admin: To dare ya yi, gobe aiki. Ga abin da aka tsayar. An tabbatar da cewa Bahaushe yana nan tun kafin Sarauniya Elizabet, kuma Dakta da kansa ya dawo ya amsa haka. An tabbatar Kano ce cibiyar ciniki a lokacin, da shaidar baƙon da ba shi da dangi a cikinta. Maganar Katsina ba a kawo mata hujja ba sai hasumiya. Ta Gobir ra'ayin mutum ɗaya ne. Mai busar fadar Ingila akwai alamar namu ne, a ci gaba da bincike. Tanko zai tafi a matsayin Bahaushe ɗan Kano. Ustaz da Ɗan Zazzau ku same ni ta gefe.

Dakta: Kawu, ban dawo na amsa komai ba. A gyara wannan layin.

Na-Gobarau: Baƙon da kuka yarda da shi kan Kano shi ne kuka ƙi kan Gobir. Allah ya isa.

Abban Sadiq: Maman Hanifa, in na ce albarka mutum ya tsaya yana kallona bai gane ba, in fassara masa ko in sake girgiza kai kawai?

Maman Hanifa: Kada ka fassara. Ka karɓe fatarka ka fara naɗewa kamar za ka tafi. Zai ƙara da kansa.