Ƙaiƙayin dabba da ya ƙi jin maganin ƙazuwa: wa ya taɓa gwada allurar sabar da jiki?

Mai akawal, Ƙofar Mata:
Salamu alaikum jama'a. Dokina duk damina sai ya kama susa a geza da gindin wutsiya, yana goga jiki a turke har gashin ya zube, fatar ta tsage. An yi masa allurar ivermectin (maganin tsutsa da ƙazuwa), an wanke shi da maganin kaska, shiru kake ji. Hunturu na shigowa sai ya daina da kansa. Likitan dabbobi ya ce borin jini ne, ya kuma ambaci wata allura da ake sabar wa jiki da abin da yake ƙi. Don Allah wanda ya taɓa gani ya faɗa mana.

Hajiya mai karen gadi, Nasarawa:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni a kare na gani. Namu kwana yake yana lasar ƙafafu, kunnuwa sun yi ja, ciki duk ƙuraje. Maganin kumburi da ƙaiƙayi da ake kira prednisolone na kwantar da shi, amma sai shan ruwa da fitsari ba ƙaƙƙautawa, likita ya ce ba maganin dogon zango ba ne. Bai yarda an je ga allurar kai tsaye ba. Sai da ya kawar da zancen ƙuma da ƙazuwa, ya sa muka canja masa abinci na mako 8, sannan ya ɗebi jini aka tura waje. Sakamako ya nuna wasu ƙwari ne da ido ba ya gani, masu zama a ƙurar tabarma da katifa. Daga su aka haɗa allurar, aka fara da ɗan kaɗan ana ƙarawa, daga baya ta koma wata-wata. Tun farko ya gaya min sai an kai wajen shekara kafin a yanke hukunci, kuma kusan biyu cikin uku na karnuka ne ke samun sauƙi. Namu ya samu, yana barci yanzu, amma bai daina susa gaba ɗaya ba. Kuɗin ba kaɗan ba ne, kuma dole kwalbar ta zauna a firji, don haka sai mai sola.

Ɗalibin likitancin dabbobi, Kabuga:
Hajiya ta faɗi daidai, amma doki daban ne, Yallaɓai. Dabarar tsohuwa ce, a 1911 Leonard Noon ya fara ta a Landan kan mutane masu atishawar ƙurar furen ciyawa. A doki, yawanci yawun wasu ƙananan ƙudajen cizo ne da ake kira Culicoides ke tayar da garkuwar jiki. Gwaje-gwajen da aka yi da allurar da aka haɗa daga niƙaƙƙen ƙwaron gaba ɗayansa ba su ba da sakamako mai gamsarwa ba, domin abin da jiki ke ƙi ɗan kaɗan ne a cikin haɗin. Shi ya sa masu bincike a Jami'ar Bern ta Suwizalan da takwarorinsu na Aislan suka koma ware ainihin sinadaran yawun ɗaya-ɗaya. A kan dawakin Aislan suka fi yin gwajin, saboda a can ba sa wannan ciwon, amma idan aka fitar da su ƙasashen da ƙwaron yake, har kusan rabinsu kan kamu. Ana yi musu allurar tun suna gida a ga ko za ta kare su. Abin da ke damuna shi ne yawancin aikin kan ƙudajen Turai aka yi shi, mu kuwa namu jinsin daban ne.

Mai kula da barga, Fagge:
Ni ban taɓa ganin allurar ba, amma na yi jinyar kili biyu masu wannan larura. Ƙudan da asuba da gab da magariba yake cizo, kuma ba shi da ƙarfin tashi. Kafin rana ta faɗi muke shigar da su, mu kunna fanka, mu kwashe jiƙaƙƙen kashi da taɓon bakin kwatami, don nan yake haihuwa. Gidan sauro na kasuwa ba ya tare shi, ta cikin ramukan yake wucewa. Ɗaya daga cikin dawakin ya warware har aka hau shi a Hawan Daushe, ɗayan kuwa gezarsa ba ta dawo ba.

Mafarauci, Rijiyar Lemo:
Ku dai kada kowa ya ce borin jini ne kafin a kankari fatar a duba. Karnukana biyu ƙazuwa ce zalla, magani ya kashe ta. Kuma don Allah a bar shafa wa dabba baƙin mai. Na ga karen maƙwabcina da aka shafa wa, fatar ta sulluɓe, ya lashe ya yi ta amai.

Ɗalibin likitancin dabbobi, Kabuga:
Gaskiya ne, Baba. Ƙarin bayani ga masu dawaki: wannan ƙudan shi ne kuma ke yaɗa cutar dawaki ta Afirka mai kisa, don haka shawarar fanka da tsaftar barga ta shafi har dokin da ba ya susa. Idan kun ga zazzaɓi da kumburi a saman ido ko numfashi sama-sama, a kira likita a ranar.