Mujiya ta ƙyanƙyashe a ɗakin ajiyarmu, Inna ta ce a kore ta

Ɗan Fadama, Argungu:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema.

Gidanmu yana bakin gari ne, ta hanyar fadama. Muna da wani tsohon ɗakin ƙasa da muke jibge buhunan shinkafa in an yi girbi. Sati uku da suka wuce na shiga bayan isha'i, sai na ji huci daga sama, irin na maciji in an taka shi. Gabana ya faɗi. Da na haska tocila tsakanin azara da kwano sai ga wasu 'yan abubuwa uku farare kamar curin auduga, ɗaya ya fi ɗaya girma, suna ta lilo da kai. Uwar tana gefensu. Fuskarta fara fat kamar an kifa ƙaramar ƙwarya, idanu baƙi wuluk, ƙirjinta da ɗigo-ɗigo. Ta dube ni, na dube ta, sannan ta bi ta saman kaina ta fice ta taga. Wallahi ko motsin fiffikenta ban ji ba. Tattabara da ba ta kai ta girma ba, in ta tashi duk gida sai an sani.

Tun ranar, in na dawo masallaci sai in zauna kan turmi ina kallon tagar. Su biyu ne ashe. Wani dare na ƙirga, sau bakwai suna shiga da kusu a baki kafin barci ya ɗauke ni. Bana kuwa ban ɗinke buhu ko ɗaya ba, alhali bara har na gaji da allura. Gaskiya tsuntsayen nan sun shiga raina.

Matsalar ita ce Inna ta ji kukansu. Ta ce shekarar da Baba ya rasu, sai da mujiya ta kwana uku tana kuka kan tsamiyar ƙofar gida. Ta ce a fitar da su tun wuri, ƙanena har ya nemo danƙo. Ba zan iya musu da mahaifiyata ba, kuma ba zan iya kallon a kashe su ba. Yaya zan yi?

Abu Maryam, Jega:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Ɗan'uwa, a cikin Bukhari da Muslim akwai hadisin Abu Huraira inda Annabi (SAW) ya kore camfi da tsuntsaye, ya ambaci "hama" da sunanta. Malamai da dama sun ce mujiya ake nufi, domin Larabawan jahiliyya in ta sauka kan gidan mutum sai su ce mutuwa ta zo sanarwa. Ka ga abin da muka gada ba mu muka fara shi ba.

Amma kada ka je wa Inna da hadisi kamar mai gyara mata karatu. Abin da ke ranta rashin mijinta ne. Ka samu wanda take jin nauyinsa, liman ko wani yayanta, ya yi mata maganar cikin hira.

Malamar Kimiyya, Birnin Kebbi:

Malam Ɗan Fadama, ka yi dace. Wannan farar mujiya ce, kuma kusan duk abincinta ɓera ne da jaba. Bambancin girman 'ya'yan ba ciwo ba ne. Tana yin ƙwai ɗaya duk bayan kwana biyu ko uku, kuma tun na farko take fara kwanci, shi ya sa ba sa fitowa rana ɗaya. Kwancin kusan wata ɗaya ne, tashinsu kuma sai sun kai wajen wata biyu. Shirun da ka ji, gashin bakin fiffikenta ne mai tsaga-tsaga kamar mataji, yana yanka iska ba ƙara. Kunnuwanta ma ɗaya ya ɗan fi ɗaya bisa, da haka take gane inda ɓera yake ko cikin baƙin duhu.

Ga abin da zan so ka yi. Duba ƙasa daidai inda suke, za ka ga wasu dunƙule-dunƙule baƙaƙe kamar kashin raƙumi. Ba kashi ba ne, amai ne. Tana haɗiye ɓera ɗungurungum, gashi da ƙashin da ba su narke ba sai ta dunƙule ta dawo da su. Sa leda a hannu ka fasa ɗaya da tsinke, za ka ga ƙoƙon kan ɓera da haƙoransa. Ɗalibaina ba sa yarda sai na nuna musu wannan.

Don Allah kada kowa ya zuba shinkafar ɓera a ɗakin. Ɓeran da ya ci guba shi ya fi saurin kamuwa, ta kai wa 'ya'yanta, duk su mutu. A Malesiya manoman shinkafa da na kwakwar manja har akwatuna suke kafa wa irin wannan mujiya don ta zauna musu a gona. Mu da ɓera ke jawo mana zazzaɓin Lasa kowane rani, mun fi su buƙatarta. Buhunan dai ka janye su daga ƙarƙashin sheƙar, ka rufe da tamfol.

Maman Khalifa:

Ni dai ku yi haƙuri, na ji duk bayanin, amma kukan nan nata cikin dare har yanzu tsigar jikina tashi take. Kuma 'yan tsakina fa? An ce tana ɗauka.

Malamar Kimiyya, Birnin Kebbi:

'Yar'uwa, lokacin da take fita kajinki suna cikin akurki. Shirwa da shaho za ki sa wa ido.

Tsohon Makiyayi, Gusau:

Ɗana, rubutunka ya tuna mini da gida. Ni a ƙasar Ɗansadau na tashi, kiwo nake tun ina ɗan shekara bakwai. Akwai wata kuka a bakin rafi da wani ƙaton duji yake kwana cikinta. Girmansa ya kusa na ungulu, murya can ƙasa kamar gurnani, in ya lumshe ido fatar idon ja-ja ce kamar an shafa masa janbaki. Mun girma tare da shi, ba wanda ya taɓa jifarsa, ba kuma abin da ya same mu.

Akwai wata 'yar ƙarama da ke fita da rana, ba ta fi tafin hannu ba, tana da tabo biyu baƙaƙe a ƙeya kamar wasu idanu. In ka ji ƙananan tsuntsaye sun taru kan gawo suna ta tsiwa, je ka duba, ita suka sa gaba. Daga nan ne ake cewa wane yana da baƙin jinin mujiya.

Yau shekara shida ban taka dajin ba, kowa ya san dalili. Amma nan Gusau, kan darbejiyar bayan gidan da muke haya, wani lokaci da asuba nakan ji fiton 'yar ƙaramar nan, yana hawa sama-sama har ya karye. Sai in fito in tsaya. Jikokina sun ɗauka alwala nake jira. Kada ka bari a kashe su, ɗana.

Ɗan Fadama, Argungu:

Na gode ƙwarai, Baba, Allah ya dawo mana da zaman lafiya ka koma ka ga kukar nan. Malama, na bi maganarki. Na tsinci goma sha ɗaya, na fasa huɗu kan murfin kwano na kai wa Inna tana tsintar wake. Ta daɗe tana juya ƙananan haƙoran da tsinke. Sai ta ce, "Su ne suka cinye mini zannuwan cikin adaka?" Na ce danginsu ne. Ba ta ƙara cewa komai ba.

Jiya Kawu ya zo, sun yi hira mai tsawo a zaure. Da safe ta kira ƙanena ta karɓe danƙon, ta ce a bar su har 'ya'yan su tashi, daga nan a toshe tagar, don ita har yanzu ba ta son kukan. Na amsa mata da to. Babban cikinsu ya fara zubar da farin gashin, fuskar uwarsa ta fara fitowa. Ina da ragowar katako, ina son in haɗa musu akwati in kai gona tun kafin a toshe. Malama, nawa ya kamata faɗin ƙofar ya zama, kuma kan itace ya fi ko kan dogon turke?