Neman shawara: wane jirgin balsa zan ɗauka don koyon alkafura a sama?

Nura, Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan an yini lafiya, ya hada-hadar Ikko? Gyaran waya nake yi a kasuwar waya ta Ikeja. Wata tara ke nan ina tuƙa ƙaramin jirgin rimot na fom, mai fiffike a sama, irin na 'yan koyo. Yanzu ina tashinsa in sauke shi hannuna bai yi rawa ba, har zobe nakan yi da shi. Amma da na kifa shi sai ya nemi juyowa da kansa, mirginawa kuwa da ƙyar yake yi. Raina ya biya ga jirgin katakon balsa, itacen nan mara nauyi, wanda zai yi mini abin da na ce a lokacin da na ce.

Wani ɗan uwanmu zai haɗo kaya daga Sin ƙarshen wata, ya ce in faɗi wanda nake so ya saka mini a cikin kayansa. Uku na gani, duk an riga an harhaɗa su an lulluɓe da leda, injin da sarbo (ƙananan na'urorin da ke motsa leɓɓan fiffike da na jela) kawai zan ɗaura: Extra 300 mai faɗin fiffike inci 48, Edge 540 mai inci 60, da wani Stik ɗan ƙarami wajen inci 40. Gaskiya Edge ɗin nan ya shiga raina, kullum sai na buɗe hotonsa. Kuɗin guda ɗaya nake da shi, kuma na daɗe ina tarawa. Ina da rimot ƙirar RadioMaster da batura 3S 2200 guda huɗu (3S na nufin batir mai gida uku a ciki, 2200 kuma yawan cajin da yake ɗauka). Don Allah waɗanda suka riga mu a harkar su taimaka.

Malam Habu Kafinta, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. Ɗana Nura, ka ɗauki Stik. Bari in gaya maka dalili, kada ka ce tsoho ya hana ka abin da kake so.

Abin da ya sa jirginka na yanzu yake ƙin kifewa, cikin fiffikensa a shafe yake, bayansa ne kawai ke da doro, kuma bakunan fiffiken sun ɗan ɗaga sama. An gina shi ne ya riƙa gyara kuskurenka. Jirgin alkafura kuwa doron fiffikensa sama da ƙasa kusan ɗaya ne, shi ya sa yake tafiya a rigingine kamar yadda yake tafiya a daidai. Amma ba ya gyara komai. Inda ka bar shi, nan zai ci gaba, ko da ƙasa ya nufa. Stik yana da irin wannan fiffiken, sai dai mai kauri ne, mai faɗi, saboda haka yana haƙuri da tafiyar sannu. Zai yi maka zobe, ya mirgina, ya kife, ya hau tsaye ya juyo, sannan ya zo ya sauka a hankali. Tun 1966 wani Ba'amurke, Phil Kraft, ya fito da wannan fasalin, har yau ana ƙera shi, don ba a samu abin da ya fi shi wajen koyar da hannu ba.

Ni da Extra na fara, kuma na yi nadama. Tashi na uku ne, na zo sauka na rage gudu kamar yadda na saba da na koyo, na ɗan ja sandar rimot. Fiffiken hagu ya sulale, kafin in ƙifta ido ya caki ƙasa da hanci. Na je na tarar farfela ta karye, gaban jirgin ya dawo kamar ashana, haƙarƙarin fiffike suna leƙowa ta cikin ledar da ta yage. A leda baƙa na tsince shi, ina duba ciyawa kada in bar ko tsinke. Ni da nake sana'ar katako sai da na yi sati uku ina jera gutsattsarin a kan tebur ina ɗiga musu sufa gulu, kuma bai ƙara tashi daidai ba. Jikin Stik kuwa akwati ne mai kusurwa huɗu. In ya fashe, ka yanko filawud siriri ka manna, gobe ka koma fili.

Injiniya Bashir, Ajah:
Malam Habu, Allah ya ƙara girma, amma a nan zan ɗan saɓa maka. Wanda ya yi wata tara yana tashi ba sabon shiga ba ne, kuma rimot ɗin yanzu ba irin na da ba ne. A RadioMaster ɗinsa zai iya rage yawan motsin leɓɓan fiffike da na jela ya bar su kaɗan, ya kuma tausasa tsakiyar sanda, sai Extra ya zama mai ladabi. In hannu ya faɗa, ya buɗe masa da makunni ɗaya. Tsorona shi ne ya sayi Stik, bayan wata shida ya ga ya ƙure shi, ga dala ba ta jiran kowa. Stik ba ya jin daɗin tafiya a kaikaice, fiffike ɗaya sama ɗaya ƙasa, don gefen jikinsa ba shi da faɗi. Extra kuwa don wannan aka yi shi. Kwafin jirgin gaske ne da Walter Extra ya ƙera a Jamus don gasar alkafura.

Inda na yarda da Malam: Nura, ka cire Edge ɗin inci 60 daga lissafi a yanzu. Ba don ba shi da kyau ba. Babban jirgi ya fi ƙarami natsuwa a iska, kuma ya fi ganuwa daga nesa. Amma masu wannan girman batir 6S, mai gida shida, suke ci, baturanka huɗu ba za su yi masa komai ba. Sai sabon batir, sabuwar caja mai ƙarfi, manyan sarbo masu haƙoran ƙarfe. Kuɗin kayan cikin na iya kamo kuɗin jirgin ko su wuce. Ko Extra ɗin ma ka duba takardarsa da kyau, da yawa daga masu inci 48 4S suke so. Sannan a me za ka ɗauke shi daga Agege? Jirgi mai tsawon kusan mita ɗaya da rabi ba ya shiga danfo lafiya.

Aminu, Mile 12:
Ni tambaya ce da ni. Me zai hana ya sa injin mai, ya huta da jiran wuta?

Injiniya Bashir, Ajah:
Ƙananan injinan nan ba fetur suke sha ba, Aminu, wani haɗi ne na metanol da naitiro da man shafawa, samunsa a nan wahala ne. Masu shan fetur da baƙin mai irin injin DLE 20 sai jirgi ya girma, ga ƙara da za ta tara maka unguwa. Ya tsaya a batir.

Malama Zainab, Surulere:
Ni da ɗana muke wannan harka, kuma abin da ba a faɗa ba shi ne damina. Balsa itace ne mara nauyi ƙwarai, akasarinsa daga Ekwado ake fito da shi, kuma yana shan laima kamar soso. Mun jingina fiffike a bango a watan Yuni, bayan sati biyu muka ga jirgin yana karkata dama ba gaira ba dalili. Da muka hango fiffiken daga baya, ashe ya murɗe. Sai da ɗana ya riƙe shi ya murɗa ta ɗaya gefen, ni kuma ina bin ledar da dutsen guga mai ɗumi-ɗumi da safa a bakinsa, har ta ɗame ya miƙe. Ka ajiye shi a kwance a kan abu shafaffe, nesa da ƙasa saboda gara, kada kuma ka bar shi cikin mota a rana, leda za ta yamutse.

Ko wanne ka saya, kafin tashin farko ka ɗora shi a kan yatsu biyu a daidai inda takardarsa ta nuna, da batir a ciki. Gara hancin ya ɗan rinjaya da a ce jela ce ta yi nauyi. Batura kuma kada ka sa su caji ka kwanta barci, musamman da janareta. In ba za ka tashi a satin ba, ka bar cajin kowane gida na batirin a kan bolt 3.8.

Sajan Idi mai ritaya, Obalende:
Nura, a ina kake tashi? Agege tana jikin filin jirgin Murtala Muhammed, jirage na wucewa ƙasa-ƙasa a kanku. Don Allah kada ka tashi komai a wannan yankin. Tun 2016 NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ta ce jirage marasa matuƙi sai da izini, ka bincika matsayin naka kafin wani ya ƙwace maka. Bakin teku ma ka yi hattara: yashi na shiga injin, iskar gishiri na cin ƙarfe, kuma da rana ta take iska ke tasowa. Sassafe ya fi.

Nura, Agege:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Sajan, ba a unguwa nake tashi ba, can bayan Ikorodu muke zuwa wani fili ranar Lahadi, amma zan bi maganar izinin. Na buɗe takardar Extra ɗin yanzu, 4S ya rubuta, kamar yadda Injiniya ya faɗa. Stik ɗin kuwa 3S 2200 yake ci, ke nan baturana duka za su yi aiki. Na kwana ina tunanin baƙar ledar nan da Malam Habu ya tsince jirginsa a ciki. Na tura wa ɗan uwan namu cewa Stik zai sako, da farfela huɗu da nadin leda ɗaya. Ragowar kuɗin zan ajiye wa Extra, in riƙa gwada shi a manhajar kwamfuta kafin nan. Abu ɗaya ya rage: ban taɓa tashin jirgin da ba ya gyara kansa ba, kuma ina tsoron tashin farko.

Malam Habu Kafinta, Idi-Araba:
Kada ka tashe shi kai kaɗai. In ya iso ka kawo mini shago tukuna, mu bi gam ɗin da aka yi masa a masana'anta, musamman inda injin ke zama da gindin ƙafafu, don nan suke ƙwauron gam. Ka taho da gam ɗin epoksi mai minti 30. Ranar Lahadin da ta biyo baya sai mu kama hanyar Ikorodu bayan sallar asuba, in ɗaga shi in daidaita maka, in miƙa maka rimot yana can sama sosai.