Tsohuwar takardar kuɗi a akwatin kaka

Ɗan Ader: Salamu alaikum ƴan uwa. Nan Tahoua na iske wata takarda cikin akwatin marigayi kakanmu, an rubuta The Japanese Government, rupi 10. Tana da daraja?

Baban Hadiza: Kuɗin mamaya ne ɗana, Japan ta buga su bayan ta kama ƙasar Bama (Myanmar ta yau) a 1942. Duba lambar, harafin B za ka gani, na Malaya M, na Filifin P. Ƙila kakanku ya zauna Kano, sojan Najeriya da yawa sun yi yaƙin Bama.

Mai shago Wadata: Kar ka sa rai da miliyan fa, sun buga su kamar ƙasa, shi ya sa arha gare su har yau. Ni dai aje ta zan yi, cikin leda, nesa da damshi.

Ɗan Ader: B ɗin ne kuwa! Na gode Baba.