Wai don nikotin aka halicci ƙofar nan ta ƙwaƙwalwa?

Mai Hayaƙi: Wallahi na gaji da wa'azin mutane. Kowa ya gan ni da karan sigari sai ya rikiɗe ya zama likita. To ku sani, a ƙwaƙwalwar kowannenku akwai wata ƙofa da likitoci da kansu suke kira makarɓin nikotin. In jiki ba ya buƙatar abin, me ya sa aka halicce shi da ƙofarsa? A ba ni amsa, ko a shafa min lafiya.

Ɗalibar Likitanci: Yayana, mai wurin na asali shi ne asetilkolin, wanda jikinka ke sarrafawa da kansa. Da shi jijiya ke umartar tsoka ta motsa. Nikotin dai ta dace da gurbin ne. A 1914 Henry Dale ya raba aikin asetilkolin gida biyu, wanda ya yi kama da na nikotin da wanda ya yi kama da na muskarin, sunayen suka bi su. Muskarin kuwa guba ce daga naman kaza. Ita ma jikinka na buƙatarta ke nan?

Mai Haɗa Magani: Kafin a je ko'ina, a janye kalmar "ƙofa". Makarɓi ne. Aikinsa kama sinadari. Tun 1905 Langley ya nuna haka a Kambirij: nikotin ta sa tsoka ta takure, gubar kurare mai shanye tsoka ta hana. Babu wanda ya yi zancen ƙofa.

Malamin Fiziyoloji: Haba Malam, Langley bai gan shi da ido ba ai. Furotin ne mai sassa 5 da suka kewaye rami a tsakiya, sun ratsa fatar ƙwayar halitta. A tsoka sassan su ne alfa 2, beta, delta, sai gama a ɗan tayi, wanda efsilon ke maye gurbinsa daga baya. Asetilkolin guda 2 suka kama, ramin ya buɗe, sodiyam ya kwararo ciki, potasiyam ya fita, cikin ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Abin da ke buɗewa ya rufe, wani abu ya wuce ta cikinsa, in ba ƙofa ba mene ne?

Mai Haɗa Magani: To makarɓin muskarin fa? Shi ma asetilkolin yake kamawa, ina raminsa?

Malamin Fiziyoloji: Ba shi da shi, shi ya sa yake da jinkiri, sai ya aika saƙo ta furotin G. Ka kawo min hujja da hannunka, na gode.

Baƙon Zaure: Ku masu magani kullum haka kuke, komai sai an mayar da shi wurin manna ƙwaya.

Mai Haɗa Magani: Ranar da aka kwantar da kai tiyata, maganin da zai saki tsokarka a wannan wurin mannawar zai zauna. Lokacin ka tuna da mu.

Baƙon Zaure: Allah ya tsare. Ni dai na san duk irin waɗannan ƙofofin sassa 5 gare su, magana ta ƙare.

Ɗalibar Likitanci: A'a ɗan'uwa. Makarɓan wasu sinadaran jijiya, wato na GABA-A, na gilaisin da na 5-HT3, su ne 'yan gida ɗaya da na nikotin, sassa 5 ne. Biyun farko ma kuloraid suke shigarwa, su kwantar da jijiya maimakon tayar da ita. Amma na gulutamet, wato AMPA da NMDA, sassa 4 ne. Wani nau'in mai suna P2X kuma 3.

Baƙon Zaure: Wa ya tambaye ki? Ki gama makarantar tukuna.

Malamin Fiziyoloji: Gaskiya ta faɗa, ka bar yarinya. Kuma wanda ke shakkar ƙofa ya tambayi Neher da Sakmann. A 1976 suka auna lantarkin da ke ratsa guda ɗaya tak a tsokar kwaɗo, tana buɗewa tana rufewa. A kan wannan aiki suka sami Nobel a 1991.

Mai Haɗa Magani: Kafin su, Changeux ya tsamo furotin ɗin a Faransa a 1970, daga kifi mai lantarki. Da me aka riƙa gane shi? Da dafin maciji, alfa-bungarotoksin, mai maƙalewa a wurin kamawar. Ta hanyarmu aka fara riƙe shi a hannu. Ko cutar myasthenia gravis, garkuwar jiki ce ke far wa makarɓin, mutum ya kasa ɗaga fatar idonsa.

Malamin Fiziyoloji: Ya kasa ne don sodiyam ya rasa ta inda zai shiga.

Mai Hayaƙi: Jama'a, ni fa tambayata? In ba buƙata ba ce, me ya sa in ban sha ba kaina ke sarawa?

Ɗalibar Likitanci: Yaya, asetilkolin ana narkar da shi nan take, nikotin kuwa tana daɗewa. Ta kama nau'in alfa4-beta2 na ƙwaƙwalwa, dofamin ya fito, ka ji daɗi, sai makarɓan su dakushe su daina amsawa. Da yawan sha adadinsu ya ƙaru. Ranar da ka tsaya duk su farfaɗo babu komai a kansu. Sigarin ce ta ƙirƙiro maka buƙatar.

Baƙon Zaure: Ta sake cewa "makarɓan". Ashe ɓangarensu take.

Mai Haɗa Magani: Barka da zuwa, ƙanwata.

Shugaban Zaure: To a tsaya nan, dare ya yi. Kamar yadda kowa ya gani, an tabbatar da cewa ƙofa ce, don Malamin Fiziyoloji ya kawo hujja har da Nobel, kuma dama shi ya koyar da mu. Masu magani sun yi ƙoƙari, sai dai ba su wuce tarihi ba. Maganar sassa 4 da 3 ba ta cikin batu. Shi kuma mai tambayar sigari ya buɗe wata muhawarar daban.